Cikin Da Yunwa Ta Ɓoye

Ƙwas, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Yatsar Iya Rakiya ce ke bugun katakon gado daga bayan labule. Gazali yana tsaye ta wannan gefen, ya ƙura wa agogon hannunsa ido, leɓɓansa na motsi.

Haka suke aikinsu a ƴar likita, wato ƙaramin asibitin da ke kusa da kasuwar Kanan-Bakashe. Shi ne majo, shugaban wurin, kuma shi kaɗai ne ma'aikacin. Matan karkara ba su yarda namiji ya kafa kunne a cikinsu, don haka Iya Rakiya, tsohuwar ungozoma, ita ke ɗora ƙahon katako a kan cikin mace ta saurara. Duk bugun da zuciyar ɗan da ke ciki ta yi, sai ta buga gado da yatsa, shi kuma ya ƙirga da agogo.

"Sake, Iya," ya ce.

"Sau uku ke nan, Majo."

"Sake dai."

Ta sake. Lissafin bai canja ba. Ɗari da saba'in da ɗoriya a minti guda, sauri kamar na wanda aka biyo da gudu.

"Da ƙarfi kike jin ta?"

"Can ƙasa-ƙasa. Sai na riƙe numfashina."

"Igiyar awo fa, nawa ta ba ki?"

"Ashirin da ɗaya."

Gazali ya dafa bango. Cikin wata bakwai da rabi, kamata ya yi awon ya doshi talatin. Wadda ke kwance bayan labulen nan ba kowa ba ce, Zara'u ce.

Mai karatu, bari in gaya maka wace ce Zara'u a wurinsa, don ka san dalilin da ya sa majo guda ya dafa bango.

Shekara biyar da suka wuce ya nemi aurenta. Mahaifinta ya dube shi sama da ƙasa ya ce Buzu ne, ba shi da gonar gado, ɗiyarsa ba za ta yi ta bin akwati daga gari zuwa gari ba. Gazali ya haɗiye abin, ya tafi Damagaram karatun jinya. Ita kuma ta auri Dauda na ƙauyen Gidan Ɗan Baba, mutumin kirki wanda bai taɓa ɗaga mata murya ba. Shekara uku shiru, babu haihuwa. Sai bara gwamnatin soja ta turo Gazali aiki yankin nan. Sai damina ta ci amanar kowa, gero ya ƙone a tsaye. Sai rijiya ta rufta da Dauda suna ƙara mata zurfi.

Wata shida ke nan da rasuwarsa. Lokacin cikin yana wata ɗaya da rabi, kuma saboda kunyar cikin fari babu wanda ta faɗa wa sai shi marigayin. Ya tafi da maganar kabari.

Yanzu ga bazarar 1985 ta tsaya a kan mutane, ga yunwa, ga cikin da ya ƙi fitowa. Duk wanda ya kalle shi sai ya ce bai wuce wata huɗu ko biyar ba. Su kuwa matan bakin rijiya, kai jama'a! Ba su yi lakkol ba, wato makarantar boko, amma wajen ƙirga watan cikin wata babu malamin da ya kama ƙafarsu. Miji ya mutu wata shida, ciki wata biyar, tsohon saurayi yana nan kusa. Suka haɗa, suka raba, suka ba kansu amsa.

Zara'u ta fito daga bayan labule tana gyara mayafin takaba. Ta zauna bakin benci, kanta a ƙasa. Wuyanta ya zama kamar sillen kara, ƙafafunta kuwa sun kumbura.

"Ja fatar idonta in gani, Iya."

Iya Rakiya ta ja. Fari fat, babu alamar jini.

"Mi kika ci yau, Zara'u?"

"Na sha hura, Majo."

"Ƙarya take!" in ji Iya Rakiya. "Wace hura? Ruwan dussa ne. Jiya anza ce, ƴaƴan itacen daji, da aka jiƙa don ɗacinta ya fita, shekaranjiya ganyen jiga. Ita ma ɗin rabi take ba yaran gidan. Ni na kama hannunta na jawo ta nan da kaina, da ba ta zo ba."

"Ba hatsi gidan ne gaba ɗaya?"

"Akwai mana. Rumbun gandu shina nan a ruhe. Wa zai taɓa shi?"

Gazali ya san wannan. Al'adar ƙasar ce: da an gama kaka mai gida ya rufe rumbun gandu, ba a buɗewa sai ruwan shuka ya sauka, don iri da abincin noma. Rani duka mace ta ci daga ƴar gonarta ta gamana. To bana gamanar wa ta yi? Tun da Dauda ya rasu kuma, maganar rumbu tana hannun wansa, Na Allah.

Ya jawo kujera ya zauna nesa da ita kaɗan.

"Zara'u, ki saurare ni da kyau. Wasu na cewa cikin kwanciya ya yi. Ba kwanciya ya yi ba, yunwa yake ji. Duk abin da ya shiga bakinki, jininki ke kai mishi. Da shi ake gina ƙashinshi, da namanshi, da jijiyoyin jininshi, da zuciyarshi. In abincin ya yi kaɗan, sai jikin nashi ya tura ɗan abin da ya samu wajen kai da zuciya, sauran jiki ya tsaya jira. Shi ya sa bai girma ba. Yanzu zuciyar ma ta soma wahala. Jininki ya tsinke, ita kuma tana ta gudu tana neman abin da babu."

Ba ta ɗago ba. Hawaye ya ɗiga a bayan hannunta.

"Sauran wata ɗaya da rabi," ya ci gaba. "A cikinshi ne yaro ke yin yawancin nauyinshi. Abin da aka gina da ƙaranci a ciki, ba lalle ne a iya rama shi bayan haihuwa ba. Ga ƙwayoyin ƙarin jini, ki sha guda kullum. Amma ƙwaya ba abinci ba ce. Motar soja da ke kawo taimako ba ta wuce Mayahi ba wannan watan. Ni kuwa ina da wake rabin buhu a gida, da gujiya, kuma akuyar innata ɗaya tana da nono. Iya za ta riƙa kai miki."

Ta miƙa hannu biyu ta karɓi ƙwayoyin.

"Wannan na gwamnati ne, na karɓa. Waken naka ka riƙe abinka."

"Zara'u!"

"In na ci hatsinka, Gazali, na amsa maganarsu ke nan." Sai yanzu ta ɗago, idanunta jajur. "Ka san mi suke kiranshi tun bai zo duniya ba? Ɗan majo! Ina wucewa ana taɓa juna. Surukata ta daina kallon idona. In aka ga kwano ya fito daga gidanka ya shiga ɗakina, da wane baki zan yi rantsuwa?"

"Bakin mutane zai ba shi jini ne?"

"Suna fa? Ubanshi bai bar mishi komi ba sai suna. Shi ma in bari a ƙwace? Gara ya zo ƙarami da sunan ubanshi, da ya zo ƙato ana nuna shi da baki."

"In ya zo ke nan," Gazali ya ce.

Wallahi da ya san yadda kalmar za ta soke ta, da ya haɗiye ta. Zara'u ta rungume cikinta da hannu biyu ta fashe da kuka, kuka mara ƙarfi, don ko ƙarfin kukan babu. Iya Rakiya ta harare shi.

"Na shiga uku," Zara'u ke faɗa. "In na ci, ya rasa uba. In ban ci ba, in rasa shi. Ina zan sa kaina? Yaya Na Allah ya aiko mini wai in na amsa zan zauna gidan in na haihu, in aure shi, zai buɗe rumbu ya rufa mini asiri. Asirin mi? Mi na yi da za a rufa?"

"Shi ya faɗi haka?"

"Sau biyu."

Gazali ya miƙe tsaye, ya koma ya zauna. Babu abin da yake so a duniya irin ya ce mata ta jira shi, da ta sauka zai zo da goronsa. Amma mace mai takaba ba a yi mata wannan magana. Ya bi ta da ido har Iya Rakiya ta ɗora ta a amalanke.

* * *

Da azahar mahaifiyarsa Tanna ta ajiye masa kwano. Ya buɗe, ya rufe.

"Yarinyar nan ce ko?" ta ce. "Na ga amalankensu."

"Inna, ɗan cikinta zai mutu."

"Allah ke rayawa. Kai ne Allah?" Ta zauna gabansa. "Gazali, ka dube ni. Dabbobin ubanka duka waccan yunwar ta shekarun baya ta cinye, babu abin da ya rage mana sai wannan aikin naka. Zamanin soja ne. Mutum ɗaya ya je Mayahi ya gaya wa kumandan cewa majo ya ɓata matar mamaci, ka san ba tambayarka za a yi ba. Mota za a aiko."

"Ban yi komi ba."

"Na sani, ni na haife ka. Su sun sani? Sun ƙi ka lokacin tana budurwa, yanzu kuma za ka kai kanka su ɗaura maka abin da ba ka ci ba. Ga Fatima ɗiyar kawunka tana zaune, shekara biyu ina yi maka magana. Ka rabu da mutanen nan, don Allah don Annabi."

Ta kama gefen mayafinta ta share ido. Gazali ya ji tausayinta har cikin ransa, domin gaskiya take faɗa.

"Inna, da kika ɗauki cikina, mi kike ci?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Ki hwaɗa mini dai."

"Nono mana. Lokacin muna da raƙuma, har zubar da shi ake yi."

"Shi ya sa na tsaya da ƙafata. Shi wancan ruwan dussa ake gina shi da shi." Ya ɗauki hularsa. "Gobe zan tahi gidan nasu da rana tsaka, kowa ya gan ni. Ki yi mini addu'a."

Ta dai ɗauke kwanon.

* * *

Washegari bayan la'asar suka isa Gidan Ɗan Baba, shi da Iya Rakiya, ƙahon katako a cikin jakarta. Tun daga bakin gari mata ke leƙowa ta kan danga. Ayya, abin nema ya samu! Kafin su yi sallama tsofaffin maƙwabta uku sun riga sun sami dalilin shigowa aron wuta.

Gidan shiru, babu hayaƙi, turmi a kife a gindin bango. Rumbun gandu na tsaye tsakar gida, an ɗaure hularsa tam da igiya.

Na Allah ya fito, dogo, fuska a murtuke. Matarsa ta rasu bara ta bar masa yara huɗu, kuma duk garin an san tun kafin ƙanensa ya auri Zara'u idonsa ke kanta.

"Lahiya, Majo? Ba mu da mara lahiya."

"Kuna da shi. Wajen Inna na zo."

Inna Hawwa, mahaifiyar Na Allah da marigayi Dauda, tana zaune a tabarma ƙofar ɗakinta. Gazali ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa da ƙyar, tana kallon gefe.

"Inna, jikanki na cikin hatsari. In uwarshi ba ta samu abinci ba cikin kwanakin nan, ina tsoron zuciyarshi ba za ta kai shi ba."

"Jikana?" Ta juyo. "Kai ne za ka zo har gida ka ce mini jikana? Na haihi tara, yaro. Na san cikin wata bakwai in na gan shi. Ɗana wata shida a ƙasa, ciki ko tulu bai kai ba." Ta dafe ƙirji. "Shekara uku ina roƙon Allah in ga ɗan Dauda. Na so yarinyar nan kamar ni na haife ta. Ku ji tsoron Allah, ku bar ni da abin da ke damuna."

Daga ɗakin da ke kusa aka ji shesshekar Zara'u.

"Ka ji ko?" in ji Na Allah. "Tashi ka ba mu wuri tun muna shaida juna."

Gazali bai tashi ba. Ya rantse, wa zai yarda? Ya kawo lissafin igiyar awo, su ce boko ne. Ya dubi Iya Rakiya, ita kuwa ta gyara zama ta tofar da goron bakinta.

"Hawwa," ta ce, don tare suka yi ƙuruciya, "tara kika ce. Na taran, wa ya karɓe shi?"

Inna Hawwa ta sunkuyar da kai.

"Ni na karɓe shi, a ɗakin can. Shekarar waccan yunwar, shekara goma sha ɗaya ke nan. Watanki nawa?"

"Rakiya, bari."

"Ba na bari. Watanki nawa?"

"Tara," ta ce a hankali. "Tara cur."

"Wa ya san kina da shi? Har ranar da naƙuda ta kama ki mutane cewa suke sauranki wata huɗu. Da ya faɗo, a tafin hannuna guda na riƙe shi. Kin manta yadda yake kama nono ya saki, ya kama ya saki, yana haki? Kin manta leɓɓanshi?"

"Suna yin baƙi," Inna Hawwa ta ce, kamar da kanta take magana. "In ya yi kuka sai su yi baƙi. Ƙirjinshi na bugawa kamar na ɗan tsako. Mati muka sa mishi. Kwana talatin da takwas ya yi."

"To lokacin wa ya ce ba na mijinki ba ne? Ke yunwa ta ɓoye naki aka ce ƙaddara, ita ta ɓoye nata an ce ƙarya?"

Masu aron wuta suka sunkuyar da kai, kuma ya kamata su sunkuyar.

"Abin da ya sami Mati ke nan, Inna," in ji Gazali. "Zuciyar ba ta samu abin ginuwa ba tun a ciki. Wannan kuwa da sauran lokaci. Kaɗan ne, amma akwai. Kada ki yarda da ni. Ki shiga ki ji da kunnenki."

Iya Rakiya ta zaro ƙahon, ta kama hannun tsohuwar ta ɗaga ta. Suka shiga ɗakin Zara'u, aka saki tabarmar ƙofa.

Mazan biyu suka rage a waje, ba mai kallon wani. Gazali yana jin bugun tasa zuciyar har cikin kunne. In tsohuwar ba ta ji komi ba fa? In kunnenta ya yi nauyi? In kuma tun jiya zuwa yau abin ya tsaya?

"Matsa nan," muryar Iya Rakiya. "A'a, ƙasa kaɗan. Riƙe numfashinki."

Shiru. Shirun ya yi tsawo har Gazali ya fara karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa.

Sai aka ji salati.

"La'ilaha illallahu! Ga shi nan! Rakiya, ga shi nan, yana ta sauri irin na Mati! Wayyo Dauda, wayyo ɗana!" Kuka ya ƙwace mata. "Zara'u, ɗiyata, ki yahe mini. Don mi ba ki hwaɗa mini ba tun farko?"

"Kunya, Inna," Zara'u ta ce cikin kuka. "Shi kaɗai na hwaɗa wa, da safen ranar da ya shiga rijiyar."

Inna Hawwa ta fito zaninta na jan ƙasa, ta nuna rumbu.

"Buɗe."

"Inna, iri ne fa," in ji Na Allah. "Baki goma sha bakwai ke jiran rumbun nan. In ruwa ya sauka mi za mu shuka? Mi masu noma za su ci? Tun kakanni ba a taɓa buɗe shi da rani ba."

"Rabon ƙanenka na ciki. Mai gadonshi ne ke jin yunwa. Dami biyu za ka hitar, ba duka ba."

A gaskiya ba zan zalunci Na Allah ba, tsoron nasa na iri tsoro ne na gaske. Amma mutum ne mai iya jifan abu biyu da dutse guda. Ya shafa gemu, sannan ya juyo ga Gazali.

"Na ji. Zan buɗe. Amma ni ma a ji tawa. Yau Inna ta yarda, gobe garin fa? Yarinya ta haihu, ta gama wanka, sai a ji majo ya kawo goro. Mi za a ce? Za a ce da ma mun hwaɗa. Yaron nan zai girma ana kiranshi ɗan majo har ya yi furfura. In da gaske don yaron ka zo, ka rantse gaban mutanen nan cewa ka fita maganar Zara'u. Ba yanzu ba, ba bayan ta haihu ba, har abada. Ka rantse, in hau rumbu yanzun nan. Waken naka ma sai mu karɓa, tunda sadaka ce ba toshi ba."

Gazali ya dubi Inna Hawwa, yana fatan ta tsawata wa ɗanta. Ta kawar da kai, hawaye na zuba.

"Akwai gaskiya cikin maganarshi, yaro," ta ce. "Bakin mutane ba ya mutuwa."

"Kada ka rantse!"

Zara'u ce, ta ɗaga tabarmar ƙofa, ta jingina da bango don ƙafafunta ba su ɗaukarta. Ta manta da takaba, ta manta da masu aron wuta.

"Gazali, kada ka rantse. Sau ɗaya aka raba mu na yi haƙuri, na zauna da mijina tsakani da Allah. Ban roƙi komi ba, ban sa rai da komi ba. Amma kada ka rufe ƙofar da bakinka. Zan jure. Ruwa ya kusa sauka, za a buɗe rumbun ai."

"Yaushe ruwan zai sauka?" ya tambaye ta.

Sama fes take, ko gizagizai babu.

"Ke za ki jure. Shi ba zai jure ba. Jiya na ƙirga, Zara'u, sau huɗu na ƙirga." Ya share fuskarsa da hannun riga. "Shekara biyar ban daina sonki ba ko na yini guda, kowa ya ji, ba zan sake faɗa ba. Amma in na zaɓe ki yau na bar shi, duk ranar da kika dube ni shi za ki gani."

"Wayyo Allah na," ta ce, ta sulale ta zauna a dokin ƙofa.

Gazali ya juya ga Na Allah.

"Nawa sharaɗin guda ne. Ba mai yi mata maganar aure, kai ko wani, sai ta yaye. Ranar kuma ita za ta zaɓa, ko ta zauna ko ta tahi gidansu. Sannan kullum sau uku za ta ci, da wake, da nono, da ganyen zogala in an samu, har ta sauka, har ta gama shayarwa."

"Ni na ɗauki wannan," in ji Inna Hawwa. "Duk wanda ya taɓa ta, ban yahe mishi nonona ba."

Na Allah ya ɗan yi murmushin da ban so ba.

"Na yarda. Shekara biyu ba nisa."

Aka aika aka kira liman da Alƙur'ani. Gazali ya yi alwala da ɗan ruwan da ya rage a buta. Ya ɗora hannu, ya faɗi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, bai yi gargada ba. Zara'u ta toshe kunnuwanta da hannu biyu, amma ta ji.

Na Allah ya jingina tsani, ya hau, ya kwance igiyar. Ya miƙo dami ɗaya, ya miƙo na biyu. Inna Hawwa da kanta ta tayar da turmin da ke kife, ta kakkaɓe shi. Masu aron wuta, don su wanke kunyarsu, suka karɓi sussuka.

Iya Rakiya ta kwance wata ƴar gora daga jakarta ta tsiyaya nono a ƙoƙo. Gazali ya gane gorar nan take. Ta Tanna ce, mahaifiyarsa.

"Da sassafe ta kawo mini," Iya Rakiya ta ce ƙasa-ƙasa. "Ta ce kada in gaya maka."

Ta kai wa Zara'u ƙoƙon. Zara'u ta riƙe shi a cinya, ba ta kai baki ba, idonta na kan Gazali.

"Da wannan ka sayar da ni?" ta ce.

"Da wannan na saye shi. Sha, Zara'u. Kada ki bar rantsuwata ta tahi a banza."

Ta daɗe tana kallon nonon. Sai ta ɗora hannu ɗaya a cikinta, kamar wani abu ya motsa. Ta ɗaga ƙoƙon da ɗaya hannun ta sha, hawaye na gangarowa cikinsa, ta sha har ta ga gindinsa.

Gazali ya sa takalminsa.

"Iya, ranar kasuwa ki zo da ita a auna."

"Kai za ka ƙirga?"

"Ni zan ƙirga. Daga bayan labule."

Bai waiwaya ba. Ya wuce dangar, ya wuce rijiyar da ta ci Dauda, ya kama hanyar rairayi. Sai ya jiyo daga baya an fara daka, karo na farko cikin wata biyar a gidan nan. Dum, dum, dum, dum, a natse, ba gaggawa.

Bai san lokacin da ya ɗaga hannu ya dubi agogo ba, leɓɓansa suka fara ƙirga. Ya kai goma sha biyu, allurar agogon ta ɓace masa cikin hawaye, ya tsaya tsakiyar hanya ya goge ido, ya sake daga farko.